Sakatariyar Baba Ta Yi Shiru

Da kwamfuta a rungume ta shigo shagon, irin tsohuwar nan mai ƙaton akwati, ta naɗe ta da tawul kamar jaririya. Da kafaɗa ta tura ƙofa, ta yi sallama tana haki.

Shi kuwa yana sunkuye a kan wata waya da ya farke, da ɗan sukudireba a baki. Ya ɗago zai amsa, sukudireban ya faɗi ƙasa, bai ma bi ta kansa ba.

"Nan ne wajen Likita?" ta tambaya.

Likita ake ce masa a layin, don in kwamfuta ta suma shi ake kawo wa. Dogo ne siriri, ga ladabi, ga iya aiki. Cuta ɗaya ce da shi, irin ta masu sana'arsa: ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi.

"Nan ne," ya ce. "Ajiye ta a hankali, na ga alamar ta girme mu duka."

Ta yi dariya, kumatunta suka lotsa. "Kar ka bari Baba ya ji ka. Sakatariyarsa ce."

Yana kwance fankar kwamfutar da ta zo a canza, tana ba shi labari. Ita ce auta a gidansu, kuma Auta kowa ke kiranta. A kantin magani take aiki. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta sun yi aure sun yi nisa, daga ita sai Baba. Shi Baba tafinta ne, takardun asibiti yake fassara wa masu neman magani a waje. Ciwon ido ya cinye ganinsa shekarun baya, amma bai ajiye aiki ba, saboda akwai murya a cikin kwamfutar nan da ke karanta masa duk abin da ke allo. Ita suke kira Sakatariya.

"Sai dai fa ba zan iya ba ka lambar sirrinsa ba," in ji Auta. "Ni ma ban san ta ba. Ya ce ciwon mutane amana ne."

"Ni ma ba na tambayar kowa tasa. Ƙofa ta daban nake buɗe wa kaina, in shiga da sunana in yi aikina. In mutum zai danna tasa ma, bango nake kallo."

Ta dube shi da kyau a karon farko. Wannan maganar ce ta fara shiga ranta, ko da yake sai daga baya ta yarda.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"'Yar Baba, ya jikin mara lafiya? Tana numfashi daidai? Likita ne."

Ta yi murmushi ta rubuta: "Ta warke, har ta karanta wa Baba labarai. Amma Likita, duk marasa lafiyarka haka kake bin su da saƙo?"

"A'a. Sai wadda mai jinyarta ta tafi da hankalina."

Shi ke nan fa. Daga ranar Likita ya zama mai yawan ciwon kai, kullum yana kantin magani. Har sai da Auta ta ce masa, "Wai kai maganin nan sha kake yi ko sayarwa?" Ya ce, "Tarawa nake, ni ganin mai maganin ne ke warkar da ni." Ta jefe shi da murfin biro.

In ta tashi daga aiki ya rako ta har bakin layinsu, su tsaya jikin wata tsohuwar mota da ta shekara ba ta motsa ba, su yi ta hira kamar ba za su haɗu gobe ba. Sosai suka so juna, ba ɓoye-ɓoye.

Matsalar Baba ce. Duk wanda ya zo neman Auta sai ya samo masa aibu. Wannan ya cika surutu, wancan takunsa ya yi nauyi. Da ta yi masa zancen Likita, sai ya ce, "Mai gyaran nan? A bari tukuna." Watanni suka wuce ana "a bari tukuna."

Wata rana Auta ta yi ƙorafi a cikin hira. "Sakatariya ta fara nawa wajen tashi. Baba sai ya kunna ta, ya sha shayi, ya dawo, sannan take gaishe shi."

Idon Likita ya kawo haske. Ga hanyar shiga zuciyar suruki ta samu!

"Kawo min ita, 'Yar Baba. Zan mayar da ita yarinya. Kafin Baba ya gyara zama ta tashi."

"Kana ganin ba matsala?"

"Haba! Ni ne fa."

Da ƙyar Baba ya yarda a ɗauke ta na wuni guda.

A cikin kwamfuta irin wannan akwai manhajar da ke fara farkawa in an kunna, ita ke tayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata mai aikin gadi, wadda ke tarbar duk wanda ya shiga da sunansa, ta miƙa masa allo da madannai da sauti. Na Baba duk sun tsufa sun yi nauyi. Likita ya tuge su duka biyun, ya dasa wasu marasa nauyi. Saboda ɗoki ko kwafin tsohon tsarin bai tsaya ajiyewa ba. Wallahi da wani yaron shago ya gani ya yi haka, da sai ya yi masa faɗa.

Ya kunna, ta tashi fit. Ya shiga da sunansa, Sakatariya ta yi magana raɗau, da 'yar muryarta mai ƙirƙir. Auta ta tafa hannu. Ya naɗe mata kwamfutar a tawul yana jin kansa a sama.

A gida ta jona wayoyi, Baba ya zauna a kujerarsa mai matashi, ya laluba ya kunna. Ya danna sunansa da lambarsa. Ya karkata kai yana jiran abin da ya saba ji kowace safiya, gaisuwar da shi da kansa ya koya mata: "Tafinta, barka da zuwa."

Shiru.

Ya jira. Ya sake jira. Ya murɗa sifika har ƙarshe, ba ko tari.

"Auta, ta tashi kuwa?"

"Ta tashi, Baba. Ga komai nan a allo."

"A allo," ya maimaita a hankali. "To ni me zan yi da allo?"

Ta fita tsakar gida ta rubuta saƙo: "Likita, ba ta magana. Ko kaɗan. Baba yana zaune ya yi shiru, ni ma tsoro nake ji."

"Kwantar da hankalinki, 'Yar Baba. Waya ce ba ta shiga daidai ba. Duba koriyar, ta bayan akwatin."

Ta duba koriyar. Ta cire ta mayar, ta hura ramin, ta canza soket. Babu.

Washegari ta sake rungumo ta zuwa shago. Likita ya kunna, ya shiga, Sakatariya ta kama zuba kamar ba ita ba. Suka dubi juna.

"Kin gani? Lafiyarta ƙalau. Sifikun gidanku ne."

Ya ba ta sababbin sifiku. A gida shiru. Ya ba ta abin sawa a kunne. Shiru. Ya sake manhajar sauti, ya bincika ko wani wuri aka toshe murya, ya karanta duk abin da masu irin matsalar suka rubuta a intanet har idonsa ya yi ja. Kowane lokaci a shago tana magana, a gida ta zama bebiya. Ya yi tunanin mayar da tsohon tsarin, sai ya tuna ba shi da kwafi, kuma in ya taɓa da ƙarfi zai iya rasa muryar gaba ɗaya tare da takardun Baba. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ya roƙi a bar shi ya zo gidan ya duba da idonsa. Baba ya ce, "Wanda ya ƙwace min ido ba zai tako min ɗaki ba."

Abin da ya fi cin ran Auta shi ne yadda Baba ya koma. Mutumin da in gari ya waye yake wanka ya sa riga mai guga ya zauna aiki kamar mai zuwa ofis, yanzu sai ya wuni a kujera da hannu a kan gwiwa. Ta ce ya bari ta riƙa karanta masa takardun. Ya ce, "Ki karanta ciwon matar wani? Ki ga abin da ko 'ya'yansa bai gaya wa ba? A'a." Ya sa ta kira masu aikin ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Akwai wani dattijo da ke jiran fassarar takardun ɗansa mai ciwon ƙoda, har kuka ya yi a waya. Baba yana ji, ya juyar da fuskarsa.

Ta ɗauki hutu a kanti. Ita ke karanta masa labarai, ita ke karanta masa saƙonnin waya, ita ke gaya masa ƙarfe nawa. In ta shiga kicin ya kira, in ta shiga wanka ya kira. Wani lokacin ba abin da yake so, so yake kawai ya ji an amsa.

Sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da jakarta ta ce za ta kwana biyu. Ita dai Gwaggo ba ta da mugunta, amma bakinta ba ya da birki. Kuma tun da daɗewa tana da ɗan takara: Mai Kanti, ɗan aminin Baba, mai sayar da firji da talabijin a bakin titi, wanda gidansa ke kallon nasu.

Ba a jima ba ya iso da sabuwar kwamfuta a kwali, siririya mai sheƙi, ga turare ya cika ɗaki.

"Baba, ga wannan. Ita ma tana magana. A jefar da waccan tsohuwar." Ya rage murya, amma yadda Auta za ta ji daga ƙofa. "Ni fa ina zargin yaron nan da gangan ya yi, don ya riƙa samun dalilin ganin Auta."

Baba ya gwada, ba a ce bai gwada ba. Amma madannan a matse suke, yatsunsa da suka haddace hanya shekara da shekaru suka yi ta ɓata. Muryar kuma wata baƙuwa ce mai sauri, kafin ya gane kalma ɗaya ta wuce biyar. Ya wuni yana fama, gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya rufe ta ya ce, "Na gode, ɗana. Na tsufa da koyon sabon kunne."

Gwaggo ba ta karaya ba. Ta samu Auta tana wanke kwanuka.

"Ke, ki yi wa kanki faɗa. Wancan dogon, gidansu yana can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. In kin tafi wa zai karanta wa ubanki ko da kwalin magani? Wannan kuwa titi kawai za ki tsallako. Safe, rana, yamma, kina nan."

"Gwaggo, ba na son sa."

"To ni na ce ki so shi? Ni ubanki nake nuna miki. Dube shi."

Auta ta leƙa ta taga. Baba yana zaune, yana shafa madannan kwamfutar da ba ta kunne. Hawaye suka zubo mata a cikin ruwan wanke-wanke.

Ranar da Gwaggo ta raka Baba aski, Auta ta kira Likita. "Zo yanzu, da sauri. Ba ya nan."

Ya zo a guje da jakar kayan aiki. Karon farko ke nan da ya ga ɗakin: tebur a jikin taga, kujera mai matashin da ya lotsa, kofi a dama, rediyo a hagu, komai a inda hannu zai same shi. Ya ji kunya ta rufe shi. Ko kujerar bai iya zama ba, a tsaye ya kunna, ya shiga.

Sakatariya ta yi magana. A ɗakin, a soket ɗin, da tsofaffin sifikun.

Auta ta daka tsalle, har ta manta ta riƙo hannun rigarsa. "Ta gyaru! Me ka yi mata?"

"Ban yi komai ba," ya ce, kuma bai yi murna ba. "Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Ya kashe, ya tafi. Da Baba ya dawo ta tare shi tun daga ƙofa. "Baba, albishirinka! Ta dawo!" Ba ta faɗi wanda ya zo ba, shi ma bai tambaya ba. Fuskarsa ta washe yadda ta daɗe ba ta gani ba. Ko hula bai cire ba ya zauna, ya kunna, ya danna.

Shiru.

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Gajiya da takaici suka haɗu, maganar ta suɓuce mata. "Baba, ɗazu fa da kunnena na ji ta, a nan ɗakin. Ko dai akwai abin da kake dannawa ba daidai ba?"

Ya janye hannunsa daga kan madannai.

"Wato ni ne na lalace, ba ita ba."

"Baba, ba haka nake nufi ba..."

"Ɗauko tawul ɗin nan ki rufe ta. Kar a sake kunna min."

Ta rufe. Ta shiga ɗakinta ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗauki waya.

"Likitana, ka yafe min. Yau na gaya wa Baba maganar da ban taɓa gaya masa ba. Ba zan iya barinsa cikin shirun nan in tafi ƙarshen gari ba. Gwaggo ta ce in duba maganar Mai Kanti, kuma na rasa abin da zan ce mata. Ina son ka, Allah ya sani. Amma ban san yadda zan yi ba."

Sai ga amsar Likita.

"'Yar Baba, ba ki yi laifi ba, ni na yi. Ba wanda ya ce in taɓa abin da na taɓa. So na yi in burge shi, sai na kashe masa fitila. Na gwada duk abin da na sani, na kasa. Gobe zan zo in faɗa masa haka da bakina, ko zai kore ni. Bayan nan duk abin da kika yanke ba zan ga laifinki ba. Ki ci abinci, don Allah."

Da hantsi ya zo, ba jaka, ba sukudireba. Ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Gwaggo ta taso za ta tare shi, Baba ya ce, "Bar shi. Na ji takunsa, ba na mai gardama ba ne yau."

Likita ya durƙusa a bakin tebur. "Baba, na zo ba da haƙuri ne. Fanka aka taɓa kawo min na canza, ita ke nan matsalarta. Sauran duk karambanina ne. Na cire abin da ke aiki, ban ajiye kwafi ba, kuma na kasa gyarawa. Ban zo da wata dabara ba. Na kasa, Baba."

Auta tana tsaye a bayan labule, ta toshe bakinta da mayafi.

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Kowa yana ce min tana magana. Kai ka ji, Auta ta ji. Ni kaɗai ne ban ji ba, har na fara zargin kaina. Cire tawul ɗin nan. Kunna ta a gabana."

Likita ya kunna. Ya shiga. Muryar ta fito, ta fara karanta abin da ke allo.

Baba ya zabura kamar wanda ya ji muryar ɗan'uwan da ya ɓata. Ya miƙa hannu ya dafa sifikar. "Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. To kashe. Ba ni wuri."

Ya zauna a kujerarsa. Ya laluba ya kashe allon, don shi bai taɓa ganin amfanin barinsa a kunne ba. Ya tayar da kwamfutar. Da ya kai hannu kan madannai, Likita ya juya ya kalli bango, kamar yadda ya saba.

Yatsu suka yi ƙas-ƙas-ƙas. Sannan shiru.

Likita yana kallon bango, ba allo, ba rubutu, ba abin da zai duba. Sai ƙarar fankar da shi ya sa. Bai san ko ta buɗe ba, bai san ko ta ƙi ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Ashe wannan ne abin da ya bar bawan Allahn nan a ciki, safe da yamma.

"Ka ji ko?" in ji Baba. "Wannan ita ce tawa."

Likita ya juyo a hankali. "Baba, da wane suna ka shiga?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da sunana mana. Da na wa zan shiga?" Ya ɗan tsaya. "Kai da wanne kake shiga?"

"Da nawa."

Likita ya dafe kai da hannu biyu, ya zame ya zauna daɓas a ƙasa.

"Innalillahi! Baba, mai gadin ne. Tsohuwar manhajar da na cire, duk wanda ya shiga ita ke miƙa masa sauti da kanta. Sabuwar ba ta yin haka, sai wanda aka rubuta sunansa cikin masu izini. Ni ranar da na buɗe wa kaina ƙofa na ba sunana izinin komai, don haka nake yi kullum, har na manta ina yi. Naka ban taɓa shi ba. Ban taɓa jin ta da sunanka ba, ko sau ɗaya."

Gwaggo ta ce, "Oh ni! Wato duk wahalar nan don ba ku taɓa zama ɗaki ɗaya ba?"

Gaskiya kuwa ta faɗa.

Likita ya kunna allo, ya shiga, ya rubuta layi ɗaya tak. Ya kashe kwamfutar. "Bismillah, Baba. Amma ban yi alkawari ba. Na daina alkawari."

Ya sake juyawa bango. Auta ta fito daga bayan labule ba ta ma sani ba. Yatsu suka yi ƙas-ƙas-ƙas.

"Tafinta, barka da zuwa."

Gwaggo ta saki salati. Auta ta durƙushe ta kifa kanta a gwiwar Baba tana kuka. "Baba, ka yafe min abin da na faɗa. Ba kai ba ne, ba ka taɓa yin kuskure ba." Ya dafa kanta, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Da aka natsa, Likita ya ce, "Baba, bari in goge sunana daga ciki. Aikina ya ƙare, ba zan sake taɓa muku komai ba."

"Dakata," in ji Baba. "Zauna ka ji. Ke ma, Auta, ki ji. Na ce wancan ya cika surutu, na ce wancan takunsa ya yi nauyi. Duk ba shi ba ne. Tsoro nake ji. Ina tsoron ranar da yarinyar nan za ta tafi, abin nan ya yi shiru, in kira ba mai amsawa. To ranar ta zo tun ba ta tafi ba, na ɗanɗana. Kuma na ga abin da ya yi mata. Ta bar aikinta, ta rame, har tana shirin auren wanda ba ta so saboda titi ɗaya ne tsakaninmu. Gwaggonku ta ɗauka ba na jin abin da ake faɗa a kicin."

Gwaggo ta kama gyaran ɗankwali.

"Ni ban haife ta don ta zama idona ba," ya ci gaba. "Kai kuma ka yi ɓarna, amma ka zo ka durƙusa ka ce ka kasa. Ba kowa ke iya wannan ba. Bar sunanka a ciki. In ta sake yin shiru, ina so a samu wanda zan kira ya zo a guje, ko daga ƙarshen gari ne. Sai dai sharaɗi ɗaya."

"Ko goma ne, Baba."

"Abin da ke aiki, ka ƙyale shi."

Auta ta fashe da dariya cikin kuka. Baba ya gyara zama, ya buɗe wajen saƙo, ya fara rubutu. Sakatariya kuwa duk kalmar da ya danna sai ta faɗe ta da ƙarfi, ba ruwanta da kunyar kowa. Saƙon farko na dattijon nan ne mai ɗa mara lafiya, ya ce ya turo takardun yau-yau. Na biyu na yayyen Auta ne, kuma kowa a ɗakin ya ji shi kalma bayan kalma.

"Na ba da ƙanwarku ga mai gyaran nan. Iyayensa za su zo. Ku shirya."

Auta ta ruga ɗaki da gudu. Likita ya rasa bakin godiya, sai "Baba... Baba..." kawai yake ta faɗa.

Mai Kanti ya aiko aka ɗauke masa kwalinsa. Ya yi fushi na ɗan lokaci, amma ranar biki ya zo, har da kyautar fanka. An yi taro daidai gwargwado, yayye sun zo da 'ya'yansu, gida ya cika da hayaniya. Gwaggo ta fi kowa rawar kai, tana gaya wa baƙi cewa ita tun farko dogon nan ta zaɓa. Kafin ranar kuwa Likita ya yi wa kwamfutar kwafi har biyu, ya ba Baba ɗaya ya ce ya ɓoye inda shi kansa ba zai gani ba.

Washegarin da aka kai amarya, gidan ya yi fayau. Baba ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna a kujerarsa. Ya daɗe da hannu a kan maɓalli kafin ya danna.

"Tafinta, barka da zuwa. Akwai sabon saƙo."

Ya buɗe, ta karanta masa.

"Baba, ina kwana. Ka sha maganinka? Yana nan a dama, kusa da kofi. Likita yana gaishe ka, wai in tambaya ko Sakatariya ta tashi lafiya, ya kasa karyawa sai ya ji. Ina kewarka, Baba. Autarka."

Ya sa ta maimaita. Ya sake sa ta maimaita. Sannan ya share ido da bayan hannu, ya ɗora yatsu a kan madannai, muryar tana bin sa a hankali cikin ɗakin da ba kowa.

"Ta tashi lafiya, ga ta tana jin ku. Ki ce masa ya karya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In kun kira, Allah ya sa kullum a samu mai amsa muku. Kar ki zo yau, Auta. Ina da aiki."